Dattijon da ya ce in rage fitila da rana tsaka

Jama'a, abin da zan gaya muku a kaina ya faru, na rantse da Wanda raina ke hannunSa, shekarun da nake tuƙi a garin Gadarif, can ƙasashen gabas. Wani attajiri nake ja wa mota, mai manyan gonakin ridi da dawa, irin waɗanda tarakta ke nomewa, muna ce musu mashru. Ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, Alhaji dai muke ce masa.

Ƙarshen damina ne, ana yankan ridi, muka taso daga Mafaza bayan isha za mu koma gari, ni da shi kaɗai a boksi, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Hanyar kuwa baƙin laka ce, kuma akwai wurin da take matsewa a kan tudu, gefe guda kwari cike da ruwa. Na kunna doguwar fitila, wadda direbobin can ke kira nur ɗawil, ita ce mai haska nesa, kuma ko ɗan koyo ya san ana rage ta da zarar wata mota ta ɓullo.

Sai ga lori tafe daga gabanmu, ya cika maƙil da 'yan yankan ridi, har ina hango kawunansu a sama. Direban ya rage tasa fitilar, ya ƙyafta mini sau ɗaya. Zan rage ke nan Alhaji ya ce, "Bar ta, ya zol," wato kai mutumin nan. "Ni zan kauce wa motar leburori? Shi ya sauka." Direban lorin ya sake ƙyaftawa, ya kuma na uku, ni ko na ƙi ragewa, wallahi ba don ban san illar ba, tsoron Alhaji ne kawai. Muka gifta shi. Da na duba madubi sai na ga haskensa ya karkata, ya kwanta, ya mutu. Na ce, "Alhaji, sun faɗa." Ya ce, "Idonka ya gani? Ja mu tafi." Na ja.

Washegari labari ya cika kasuwar Gadarif, wai lori ya faɗa kwari, mutane sun mutu har da direban, wani dattijo Bahaushe ɗan Mafaza, Malam Sale. Ina zaune wurin mai shayi wannan ya ce barci ne ya kwashe shi, wancan ya ce ai giya yake sha a ɓoye, mutumin da daga baya na ji ko sigari bai taɓa sa wa bakinsa ba. Na shanye shayina na tashi abina.

Aka yi wata biyar. Rani ya kama, ƙasa ta tsattsage har hannu yana shiga, ina tafe ni kaɗai zan kai gangunan man tarakta gona, rana tsaka, sai na hango mutum tsaye bakin hanya cikin farar jallabiya, ya kare idonsa da hannu. Babu gari a kusa, ko bishiya babu. Na tsaya. Ya matso tagar ya ce da Hausa, "Ɗana, rage fitilar nan." Na duba, a kashe take. Na ce, "Baba, rana ce, ban kunna komai ba." Ya ce, "Tayyib, ba komai. Rage mini hanya to."

Ya shiga ya zauna, hannun nan bai bar idonsa ba, nan take motar ta cika da warin jiƙaƙƙen laka, a ƙasar da ta yi watanni ba ta ga ɗigon ruwa ba. Subhanallahi! Muka kama hanya. Can sai ya ce, a hankali, ba faɗa ba, "Sau uku na roƙe ka." Na so in ja ayatul kursiyyu, harshena ya ƙi. Ya ce, "Ban yi barci ba, ban sha komai ba. 'Ya'yana suna jin abin da ake faɗa a kaina." Da muka iso daidai kwarin, ya bushe ƙayau, ya ce a nan zai sauka. Ya sauka. Na leƙa ta tagarsa, fili ne fetal ko'ina, babu kowa, amma kujerar jiƙe take sharkaf.

Na gaya wa Alhaji da yamma, ya yi dariya ya ce zafin rana ne ya taɓa ni, kafin sati ya ɗauki wani direba. Shi ya ci gaba da nomansa da zuwa hajjinsa, ranar jana'izarsa sahu har kan titi.

Ni kuwa na je Mafaza, na nemi gidan Malam Sale da niyyar in faɗi gaskiya. Matarsa ta aiko mini da ruwa, ta tsaya bayan zana ta ce, "Ka san shi ne, ɗana?" Na ce a hanya muka taɓa haɗuwa. Ta ce, "Allah ya saka maka da alheri, direbobi 'yan'uwansa ma ba su zo ba." Na yi addu'a na fito, abin da ya kai ni yana bakina. Har yau ban koma ba.

To ku masu tuƙi, doguwar fitila ta hanyar da babu kowa ce. Kun hango mota, ko kuna bin bayan wata, ko mai keken jaki ne, ku rage tun kafin a roƙe ku, ko da mai motar yana zaune kusa da ku yana zare ido. Motocin zamaninmu da ƙafa ake rage fitila, wani ɗan maɓalli ne a ƙasa. Na bar tuƙi da daɗewa, amma matata ta ce har yanzu in ina barci ƙafata ta hagu takan yi ta taka tabarma, tana takawa, tana takawa.