Ranar da Na'ura Ta Ce Ba a Haife Ni Ba

Ranaku da yawa sun wuce ni a rayuwa ba su bar mini komai ba, amma akwai wani yini guda da muka yi a Ƙanƙara ni da mahaifina, wanda ko tsufa ya cinye mini sauran tunani ba na jin zai taɓa shi.

Mu mutanen wani ƙauye ne a cikin dajin Sabuwa. Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, muka taso muka dawo Faskari gidan ƙanin Baba. Ba mu fito da komai ba sai tufafin jikinmu da gafakar Baba ta fata, wadda yake ajiye littattafansa. Takardar haihuwata tana cikin abubuwan da wuta ta ci a ɗakin Inna. Bayan 'yan watanni aka yi sanarwa cewa za a ɗauki 'yan matan da suka gama sakandare a horar da su aikin jinya na karkara, kuma a Ƙanƙara za a tantance na shiyyarmu. Na je aka buga mini takardar rantsuwa a madadin ta haihuwa. Na gaya wa mai bugawa cewa an haife ni ran ashirin da tara ga Fabrairu, shekarar dubu biyu. Ya buga, aka sa hatimi, na ninke na jefa a jaka ban ko duba ba. Wannan sakacin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Baba manomi ne, bai taɓa shiga ajin boko ba, amma ya yi karatun hisabi a wurin wani malami tun yana saurayi. A ƙauyenmu shi ake tambaya ko ruwan da ya sauka na shuka ne ko na yaudara. Da ya ce zai raka ni saboda halin da hanya take ciki, ban so ba. Yau ina jin nauyin faɗa, amma gaskiya kunya nake ji a gan ni da tsoho mai rataye da gafaka a gaban ma'aikata. Da muka isa na roƙe shi ya zauna a inuwar dalbejiya a waje. Ya shimfiɗa buzunsa ya zauna.

A cikin zauren akwai tebur biyu. Na farko wani matashi ne da kwamfuta yana shigar da bayanai, na biyu kuma wata dattijuwa mai tabarau, shugabar masu tantancewar, kowa Hajiya yake ce mata. Layi ya zo kaina wajen azahar. Matashin ya karɓi takarduna ya fara bugawa, sai na ga ya tsaya, ya sake bugawa, ya sake tsayawa. Ya ɗago ya ce mini na'ura ta ƙi karɓar ranar haihuwata, domin babu wannan ranar a duniya. Ya juyo mini da takardar, sai a lokacin na ga an rubuta dubu biyu da ɗaya. Ya ce Fabrairun wannan shekarar kwana ashirin da takwas ne, don haka takardar ta bogi ce, kuma tun safe ni ce ta uku da ya kama da irinta. Ya ɗauki jan biro zai ja layi a kan sunana.

Na tsaya ina duban takardar. 'Yan matan da ke bayana suka fara ƙus-ƙus. Abin da ya fi ƙona mini rai ba rasa gurbin ba ne, a'a, a ce ni maƙaryaciya ce a gaban mutane, bayan duk abin da muka rasa. Ban san wa ya gaya wa Baba ba, sai dai na ji sallamarsa a bakin ƙofa. Ya cire takalmansa kamar mai shiga masallaci, ya gaida Hajiya, ya gaida matashin, sannan ya tambaya cikin natsuwa mi ɗiyarsa ta yi.

Da aka yi masa bayani sai ya gyaɗa kai ya ce wa matashin yana da gaskiya, wannan shekarar da ke jikin takarda ba kabisa ba ce, wato ba shekara mai ƙarin kwana ba ce, ba za ta iya ɗaukar ranar ba. Kuskuren a shekarar yake, in ji shi, ba a ranar ba. Hajiya ta cire tabarau ta dube shi. Ina jin gwada shi take son yi, don ta tambaye shi ko ya san dalilin da ya sa ake ƙara wa Fabrairu kwana.

Baba ya gyara tsayuwa. Ya ce shekarar rana, wadda damina da rani suke bi, ba kwana ɗari uku da sittin da biyar cif ba ce, akwai ɗan saura a kai, kimanin rubu'in yini. Ya ce, "Hajiya, kamar mai awon hatsi ne, duk awon da ya yi sai ya tarar da kwatan tiya a gindin buhu. Ba ya zubarwa, ajewa yake. In ya yi awo huɗu, kwatan nan sun cika tiya guda. To wannan tiyar ce ake zuba wa Fabrairu duk shekara ta huɗu." Ya ƙara da cewa da za a bar sauran nan yana zubewa, sannu a hankali watan da muka sani da shuka zai koma cikin rani, manomi ya riƙa duba kalanda tana yi masa ƙarya. Ya kawo misali da azumi, yadda muka yi shi cikin zafi muka yi shi cikin damina, saboda lissafin wata ba ya bin rana. Shi kuwa lissafin noma, in ji shi, dole ya tsaya inda ruwa zai same shi.

Amma matashin bai saki ba, kuma ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Ya ce to ai nan ma an kama mu, domin shi an koya masa a makaranta cewa shekarun da suka cika ɗari ba a ƙara musu kwana, kuma dubu biyu tana cikinsu. Na dubi Baba, na ga shi ma wannan ƙa'idar bai taɓa jin ta ba. Wani da ya kai nan sai ya fara kame-kame. Shi bai yi ba. Ya buɗe gafakarsa ya zaro wani tsohon littafi, ya buɗe bangon ciki inda ya rubuta haihuwar dukanmu da ajami, ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta tawa: Talata, cikin watan Zulƙida, a asibitin Sabuwa, kuma malamar asibiti ta ce masa ashirin da tara ga Fabrairu ce, rana mai wuyar samu, shi ya sa ya rubuta har da ta boko.

Sannan ya faɗi maganar da har yau nake ji a kunnena. "Wagga ƙa'ida taka ban san ta ba, ɗana, ba ni kuma yi maka musu a kan abin da ban sani ba. Amma ina wurin aka haifi ɗiyar nan. Ku tambayi na'urar taku. In babu ranar, ko kuma akwai ta amma ba Talata ba ce, ka ja layinka, ni da kaina zan kama hannunta mu koma gida."

Hajiya ta ɗauki wayarta ta buɗe kalanda, ta yi ta ja da baya shekara bayan shekara. Ban taɓa sanin yatsa na iya yin jinkiri haka ba. Ina tsaye ina jira, Baba kuwa yana mayar da littafinsa cikin gafaka a hankali kamar an riga an gama magana. Can sai Hajiya ta tsaya, ta miƙa wa matashin wayar. Ya duba, ya sake dubawa. Ranar tana nan, kuma Talata ce.

Hajiya ce ta warware sauran. Ta ce matashin rabin ƙa'idar ya riƙe. Sauran nan da Baba ya ce rubu'in yini ne bai cika rubu'i ba, ya gaza da 'yan mintoci, don haka in ana ƙara kwana duk shekara huɗu ba fashi, ƙarin zai yi yawa. Shi ya sa ake hana shekarun ɗari-ɗari nasu kwanan, sai wadda ta rabu gida ɗari huɗu ba saura, irin dubu biyu. Na ga fuskar Baba ta washe kamar an yi masa bushara. Ya ce ashe wannan ne dalilin da lissafin malamai na noma yake bayan kalandar gwamnati da kwana goma sha uku, abin da ya shekara talatin yana neman wanda zai gaya masa. Ya roƙe ta ta maimaita, ya zaro alƙalami ya rubuta a littafinsa a tsaye. Ita kuma ta ce masa shekarunta da yawa tana koyarwa, ba ta taɓa jin an yi bayanin nan da tiya ba, kuma daga ranar ta ara.

Matashin ya miƙe ya ba Baba haƙuri, ya ba ni. Baba ya ce babu komai, wanda aka ba tsaron ƙofa dole ya duba mai shiga. Aka ba ni kwana uku in gyaro takardar, aka bar sunana. Da za mu fita na karɓi gafakar daga kafaɗarsa na rataya a tawa, na bi ta tsakiyar layin 'yan matan nan da ita kaina a sama. A mota, muna wuce gonakin dawa, na ce masa ya yafe mini barin sa da na yi a waje. Ya yi murmushi ya ce inuwar tana da daɗi, sai dai gobe in zan sa hannu a takarda in karanta ta tukuna.

Na samu gurbin, na gama, yanzu shekaru kenan ina aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Faskari. Kusan kullum sai wata tsohuwa ta zo ta gaya mini abin da ya saɓa wa abin da ke rubuce a kati, shekarun jikanta ko watannin cikin surukarta. Ba na saurin cewa ta yi kuskure. Nakan aje biro in tambaye ta yadda ta ƙirga, kuma sau da yawa ita ke da gaskiya. Abin da ranar nan ta koya mini kenan: takarda hannun mutum ne ya rubuta ta, tana iya kuskure, ilimi kuma ba shi da tufafin da aka san shi da su. Sannan mai gaskiya ba ya buƙatar ɗaga murya, ya ishe shi ya ce a je a duba.