Katin da bai san Goggo ba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ta ɗauke ni riƙo tun ranar da aka yaye ni. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai Baba ya ɗauke ni daga Doka ya kawo mata Gadarif. Da kuɗin man riɗin da take sayarwa ta yi mini makaranta har na zama malami.

Ciwon sukari ya kama ta da tsufa, magani kuma ya fi ƙarfin albashina. Abokan aiki suka tuna mini cewa ta'amin, wato inshorar lafiya ta gwamnati, tana ba ma'aikaci damar sa iyayensa a katinsa. Na tafi ofis da murnata. Ma'aikacin ya duba sunaye, ya ce uwa da uba kawai ake sawa, ƙanwar uba ba ta ciki. Na ce ita ta goya ni. Ya ce ya yarda, amma tsarin bai san goyo ba.

Mutumin kirki ne, ya zauna ya bayyana mini sauran hanyoyi biyu. Ko a sa ta cikin tsofaffi marasa gata da ake biya musu daga kuɗin zakka, ko kuma a buɗe mata nata katin, wani ya riƙa biya.

Na sami Goggo a rumfa tana dama jabana, wato gahawa, na faɗa mata komai. Rashin shiga katina bai dame ta ba, dariya ma ta yi. Maganar zakka ce ta sa ta ajiye kofi.

"Ya walad, kai yaro, zakka ta waɗanda ba su da kowa ce. In na karɓa, na shaida wa hilla, unguwar nan duka, cewa ban da ɗa. Gara sukarin ya cinye ni."

Na san ba barazana ba ce. Goggo in ta kafe, ko babbar motar dawa ta gonakin Simsim ba ta ja ta. Sai na ce akwai hanya ta uku. Ta tambaya, "Wa zai biya?" Na ce ni. Ta ce, "Halas, shi ke nan, tashi mu je a ɗauki hoto."

Ta yi shekaru da katin nan a ƙulle a bakin mayafi, kuma ya riƙe ta, alhamdulillahi. Abin da ke ba ni kunya a lokacin shi ne, duk sanda ta miƙa shi a asibiti sai ta ɗaga murya ta ce, "Ɗana ne ya yi mini." Babu wanda ya tambaye ta. Mai ba da magani ya ji wannan magana har ya haddace, yana ganin ta yake riga ta faɗa.

Yau yaƙi ya cika Gadarif da baƙi, gidaje da yawa suna riƙe da 'ya'yan da ba su haifa ba. Da tana nan, na san za ta ce a gaya wa masu tsarin su zo su ga yawan iyayen da takarda ba ta sani ba. Za ta kuma yi faɗa kan tsadar magani, don kati ba ya yin abin da yake yi a da. Duk da haka ba za ta bar tsohuwa ko ɗaya a unguwa ta zauna ba tare da ta je ta tambayi hanyar da ta dace da ita ba.

Ba ta bar gona ko gida ba, amma ta bar mini hali. Ni ma na riƙi Halima, 'yar ƙanina, yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Aikina na ƙarshe a makarantar kuɗi na yi shi, don haka na tsufa ba ni da kati. Watan jiya Halima ta shigo ido jajur, wai sun ce ba za ta iya sa ni a nata ba. Dariya ta kama ni har tana jin haushi. Na ce ta koma ta tambayi hanya ta uku.

Shekaranjiya na je awon jini. Na miƙa katin, yarinyar da ke karɓa ba ta ko ɗago kai ba, sai na ji bakina ya ce, da ƙarfi, "'Yata ce ta yi mini."

Allah ya jiƙan Goggo, ya sa ta huta.