Fitilar da Ke Bayan Ƙeyar Baba Mai Aski

Baba Mai Aski ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsaye a kan kawunan mutane, a wani ɗan shago mai kujera ɗaya da madubi mai tsatsa a gefe. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: tun da gemu ya fito masa, hannun wani bai taɓa fuskarsa ba. Ko da ciwon gwiwa ya sa ya rufe shago, kowace safiya sai ya shiga banɗaki da askarsa, ya fito fes.

To, kwanan nan sai ya riƙa fitowa da guntun auduga manne a haɓa.

Auta, 'yarsa da ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarta, ta gaji da wanke jini a wuyan riga. Ta ce, "Baba, ka bar askin nan haka. In kira wani ya riƙa yi maka."

"Wa? Yaran nan masu inji? Allah ya kiyaye! Fitilar banɗakin ce. Wane marar kai ne ya kafa fitila a saman ƙofa, bayan ƙeyar mutum? Inuwata nake aske wa, ba fuskata ba."

Gaskiya fitilar a bayansa take, wannan kam ba a musu. Suka yi yarjejeniya: za a mayar da ita saman madubi, in ya sake yankewa ya ajiye aska.

Ranar aikin shi da kansa ya kashe wutar gidan daga babban makunni, ya koma ya duba, ya sake komawa. Auta ce ta hau kujera da sukudireba da filaya, shi yana ƙasa yana riƙe da ƙafar kujerar, baki bai huta ba.

"Hagu. A'a, ɗaya hagun! Ke da wane hannu kike cin abinci?"

Ta kwance fitilar, ƙura da matattun ƙwari suka zubo mata a ɗankwali. Wayar ba ta kai ba, sai da ta haɗa wata, ta naɗe mahaɗin da baƙin salatif, ta bi da ita ta jikin bango da ƙananan ƙusoshi. Layin ya ɗan karkace. Baba ya gani sarai, ya yi ƙoƙari ya haɗiye maganar, ta ƙi haɗiyuwa.

Aka mayar da wuta, haske ya sauko tar a kan madubi. Baba ya yi dariya har da tafi, ya ce ta tsaya ta ga aikin gwanaye. Ya shafa kumfa, ya buɗe aska, ya ɗaga ta zuwa kunci.

A madubin ya ga bakin askar yana rawa. Ya sauke hannu, ya ja numfashi, ya sake ɗagawa. Rawar tana nan. Da can inuwa ce ke rufa masa asiri, ga shi da bakinsa ya sa an ɗauke ta. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har kumfar ta fara bushewa yana tsaye.

Auta ta yi kamar tana neman wata ƙusa a ƙasa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Jawo kujerar nan."

Ya zauna, ya juya askar, ya miƙa mata ta wajen mariƙi. "Ki ja fatar da yatsa biyu. Ki bi kwanciyar gashi, ban da gaggawa." Ya jingina kai da bango, ya lumshe ido. "Kina gani sosai?"

"Ina gani, Baba."

"To, madalla. Aikinmu bai tashi a banza ba."