Ruwan da Ya Cinye Geron Iya

Matso kusa, ja tabarmar nan ka zauna. Hadarin da ya haɗo ta gabas ɗin nan ya taso min da wata magana da na daɗe ina riƙe da ita a ciki. Ni ban yi nisa a boko ba, a aji huɗu na tsaya, amma kunnena ba ya zubar da abin da ya ji. Wannan kuwa daga bakin kakata na ji shi, Iya, wadda aka sa min sunanta, shi ya sa take kirana Takwara.

A Panshekara na tashi, a gidan haya mai ɗaki biyu. Babanmu yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa, kullum ya dawo da warin fata a rigarsa. Da kakanmu ya rasu a ƙauye can Jigawa, sai Baba ya ɗauko Iya ya kawo ta wurinmu. Ba ta zo da komai ba sai ƙullin kaya da wani ɗan gora da aka toshe bakinsa da tsumma. Irin geron kakanmu ne a ciki, gauraye da toka saboda ƙwari. An sayar da gonar, wannan kaɗai ya rage. Akwai wani fili a bayan gidanmu da ba a gina ba, tun ranar da ta iso ta sa masa ido.

Iya ba ta yarda da risho ba, murhu ta kafa a tsakar gida. Bayan magariba, in an sauke tuwo, sai mu kewaye ragowar garwashi, ita kuma ta miƙe ƙafa ta fara yi mana tsiya.

"Ku 'yan birni komai ruwa ne a wurinku," in ji ta. "Kamar a shiga kasuwa a ce kowa sunansa mutum."

Sai ta shiga lissafo ire-iren ruwan sama kamar 'ya'yan maƙwabta. Yayyafi, mai sanɗa, ya jiƙa ka ba ka sani ba. Mamako, wanda zai wuni yana zuba, ba iska ba faɗa. Marka, kwana da kwanaki ba a ga rana, shanya ta yi wari a igiya. Ƙanƙara, mai jifan kaji. Amma biyu ta fi jaddadawa, ruwan bazara da ruwan shuka, kuma a kansu tatsuniyarta take.

"Tatsuniya tana bakin ƙofa," za ta ce. Mu ce, "Ta shigo."

Wai Damina mace ce mai 'ya'ya da yawa. Babban ɗanta, Ruwan Bazara, ɗan cika baki ne, kullum sai ya riga uwarsa fitowa, da ganga da iska. Ya isa ƙofar wani manomi ya ce, "Fito da iri, uwata tana bayana!" Manomi ya ruɗe da kiɗan, ya kwashe irinsa duka ya shuka. Matarsa dai ta ɗebi cikin hannu ɗaya ta ƙulle a bakin zani. Yaro ya wuce yana dariya, uwar ba ta zo ba, rana ta cinye tsiron. Sai can ƙanensa, Ruwan Shuka, ya iso a hankali, ya yi sallama, ya shige ƙasa har ciki. Babu abin da aka samu aka ba shi sai ƙullin bakin zanin nan. Daga shi garin ya sake samun gero.

In ta kai nan sai ta kama hannuna. "Takwara, ba a tambayar kunne, ƙasa ake tambaya. Ki tona. In danshi bai kai wuyan hannunki ba, mayar da gora ki rataye." Sai ta ɗaga kai ta harari rufinmu. "Balle wannan kwanon naku maƙaryaci. Ko tsuntsu ya yi kashi a kai sai ku ce an yi ruwa."

Bazarar da na cika shekara goma sha biyu Iya ta kwanta. Zazzaɓi ne ya ƙi tafiya. Sau biyu na ji tana cewa, "Anya zan ga kan geron nan kuwa?" Maganar ta tsaya min a rai.

Wata rana da la'asar sama ta yi baƙi, ruwa ya sauko. Kwano ya ɗauki ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. Iya tana barci. Yana ɗaukewa na sauko da goran, na ari fartanya, na nufi filin bayan gidanmu. Ƙamshin ƙasa ya cika min hanci. Ban tona ba. Na san tatsuniyar kamar sunana, amma ban tona ba. Na shuka har sai da goran ya daina ƙara.

Na dawo da taɓo a ƙafa ina murna na tashe ta.

"Kin tona?"

Na girgiza kai.

"Kin rage?"

Na miƙa mata goran. Ta girgiza shi a kunnenta, toka kawai ta zubo. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "To. Allah ya sa ni ce ban sani ba."

Kwana huɗu gero ya fito, kore shar, siriri kamar allura. Daga nan sama ta rufe bakinta. Na yi ta jido da bokiti daga rijiyar maƙwabta. Baba in ya tashi daga aiki ya karɓe ni, ko riga bai cire ba. Ruwan kwatar da ke wucewa kusa kuwa baƙi ne da rini, ya ce in na zuba shi ma kisa ne. Muna ji muna gani ganyen ya naɗe, ya yi ja, ya kwanta.

Wata safiya, bayan kusan mako uku, wani ruwa ya fara sauka a hankali, ba iska ba tsawa. Iya ta buɗe ido.

"Ga shi nan, Takwara. Ji yadda yake sallama."

Ba ni da abin ba shi. Na zauna a bakin ƙofa ina kallonsa yana shiga ƙasar da babu komai a cikinta.

Cikin marka ta rasu. Har ta bar duniya ba ta taɓa yi min faɗa a kan geron ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi min sauƙi.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar haƙuri kawai take koyarwa. Sai da na girma na gane matar manomin ce maganar. Kowa yana iya ruɗewa da ganga, amma wani yakan rage cikin hannu ɗaya. Filin nan yanzu sito ne na siminti. Ni ina unguwar Zawaciki, 'ya'yana a waya suke duba ko za a yi ruwa, kuma duk wanda ya sauko, ruwa ne kawai sunansa. In na ce musu wannan yayyafi ne, wancan mamako, sai su ce, "Umma ta fara." Ina ci gaba da faɗa, don sunayen nan su kaɗai ne irin da Iya ta bari a hannuna da ban ƙone ba.

Kai fa, abin da tsofaffinka suka damƙa maka, ka rage ko cikin hannu ɗaya, ko kai ma ka zuba wa ruwan farko?