Sunan da Inna Asibi Ba Ta Faɗa

Abdulgafar ɗan Ketare ne, ɗan manomin dawa, kuma tun yana ƙarami ya tsani hargitsi. Ko takalma ya gani a ƙofar masallaci sai ya jera su. Da ya gama karatun kwamfuta, wata ƙaramar ƙungiya a Ƙanƙara ta ɗauke shi aiki, mu biyu a ofis ɗaya. Sunayen waɗanda 'yan bindiga suka sace muke tarawa, mu miƙa wa dattawan sulhu. Wanda ba ya cikin jerin, ba mai tambayarsa a daji.

Ni ke yawon ƙauyuka, shi yana adanawa. Kowane mutum da fayil ɗinsa na XML, folda cikin folda: Faskari ko Sabuwa, cikinta mazaɓa, cikinta ƙauye. Ni ce na dame shi da mita. "Haba Abdulgafar, wane irin tarkace ne wannan? Wani Ɗan Tudu, wani Mai Gayya! Ka gyara mana!"

Sai ya rubuta wa kwamfuta umarni ɗaya da yaren XSLT: a goge gurbin laƙabi, a bar sunan yanka, fayil ɗin da ba suna a zubar. Ya sake shi, ya bi foldojin nan kaf cikin minti uku. Bai ajiye tsofaffin ba, ni ma ban tambaya ba. Wallahi har tafi na yi masa.

Ranar da dattawan suka zo karɓar jerin, wata tsohuwa, Inna Asibi, ta taso daga Tafoki don ta ji an karanta ɗanta. Aka karanta na Tafoki duka, babu shi.

"Ina Ɗan Tudu?" in ji ta.

Nan na gane. Mun manta abin da kowace yarinya a ƙasar nan ta sani: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Da na je gidanta laƙabin kawai ta ba ni, haka na rubuta. Irin nata fayil sittin da uku muka zubar.

Abdulgafar ya durƙusa gabanta. "Inna, laifina ne. Akwai wanda kika zo da shi, ya faɗa mana sunan?"

Ita kaɗai ta zo. Mijinta ya rasu, ƙauyen ya watse, ga motar dattawan a kunne. Ta dube su, maza bakwai. Ta ja gyale ta rufe fuska, ta ce, "Yahya."

Abdulgafar ya rubuta. Daga baya sati biyar muka yi a kan babur muna neman sauran sunayen, yanzu kuwa ba ya taɓa fayil sai ya ajiye kwafi uku. Amma kunyar nan ba ta sake mu ba. Shekara talatin da huɗu bakinta bai taɓa furta sunan nan ba, mu muka sa ta faɗe shi a gaban maza.