Doña Teófila da Zaƙamin da Ya Shiga Tsiro

Kafin rana ta leƙo ta bayan tsaunin Chiwanpata, Doña Teófila Sullca ta riga ta sauko daga tudu da damin ciyawa a bayanta. Ba kowace ciyawa take yanka ba, sai doguwar nan mai tsauri wadda dabba ba ta taka ba. Ta wanke ta sau uku a rafi, ta shimfiɗa ta cikin kwando, ta ɗora kwandon bisa sanduna biyu a bakin randa. Sannan ta tsaya gaban tukunyar da tsiron masara ke tafasa, tana ɗiba da ƙwarya tana zubawa, tururi na dukan fuskarta, ruwan na tsiyaya ƙasa garau, dusa da guggubi na tsayawa a sama. Shekara arba'in da uku ke nan tana wannan aiki. A garinmu ba a taɓa yin biki ko gayya ko jana'izar da aka sha cica, giyar tsiron masara, ba tare da an kira ta ta tace ba.

Tana da wata al'ada da ake yi mata dariya a kai. Kowa in ya gama tata sai ya juye dusar wa aladu, amma ita sai ta baza ta a kan buhu, ta jira ta huce, ta bi ta da yatsa kaɗan-kaɗan.

"Kumadre, zinariya kike nema ne?" in ji Hermelinda, ƙawarta mai juya tukunya. "In kin samu a raba da ni."

"In na samu ai ba za ki ji labari ba," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi.

Abin da ba ta faɗa wa kowa shi ne, ba ta taɓa ɗora kwando a randa gabanta bai faɗi ba. Ta san duk abin da ya wuce ta ciyawar nan, maƙogwaron gari guda zai bi.

Shekara tara da suka wuce, ranar gayyar yashe hanyar ruwa, maza talatin da bakwai suka hau dutse tun da safe. Wani mai suna Don Aurelio Paucar ne mai ɗaukar nauyin bikin gayyar a shekarar, a gidansa ake dahuwar. Mutum ne mai gaggawa. Tatar farko na sauka ya cika tulu biyu da ruwan zaƙi mai ɗumi, wanda bai kai ga tsami ba, ya ɗora wa jaki don kai wa ma'aikata.

"Taytay, ka bari dusar ta huce in duba," in ji Teófila, tana kiransa baba don girmamawa.

"Mamay, mutane na can ƙishirwa na kashe su, ke kina nan kina lissafin dusa!" Ya kora jakinsa ya tafi.

Sai da ya yi nisa dusar ta huce. Ta sa yatsa ta fara bi. Can ta ga wata 'yar baƙar ƙwaya mai siffar ƙoda. Ta ga ta biyu. Ta buɗa tsakiya, sai ga su birjik kamar an barbaɗa. Ta murje ɗaya ta shinshina. Zaƙami ne.

Ta juya ta dubi Hermelinda, wadda tun safe take ɗanɗana tukunya da ludayi. Matar na zaune a ƙasa, fuska jawur, tana lasar leɓe.

"Kumadre, bakina ya bushe ƙamas," in ji Hermelinda. "Kuma wa ya sako tururuwa a zanena?" Ta shiga tsintar abin da babu. Baƙin idonta ya buɗe har ya kusa cinye sauran.

Teófila ta ƙwala wa matan maƙwabta kira, ta ce su riƙe Hermelinda su kai ta ɗakin shan magani, kuma kada wanda ya taɓa tukunya. Ta dunƙule ƙwayoyin a tafin hannu, ta kama hanyar awaki, wadda matasa ma ke tsoro. Shekararta sittin da biyu a lokacin. Tsakuwa na zamewa a ƙarƙashinta, takalminta guda ya faɗa rami ba ta waiga ba, ƙirjinta kamar zai tsage. Abu ɗaya take gani a ranta: hanyar ruwan nan da aka sassaƙa a jikin dutse, faɗinta bai wuce taku biyu ba, a ƙasa kuma kwazazzaɓo ne da kogi ke zama kamar zare. Zaƙami kan ɗauke ido, ya ɗauke hankali. Maza talatin da bakwai, a wannan wuri!

Ta iske su zaune a inda dutsen ya ɗan yi fili, sun buɗe ƙunshin dankali da wake. An cika ƙoƙuna, dattijon gayya ya zuba wa Uwa Ƙasa rabonta, hannaye sun fara tashi zuwa baki. Ba ta tsaya bayani ba. Sai kawai ta afka wa tulun farko ta hankaɗa shi, ya fashe, ta bi ƙoƙunan tana bugewa daga hannun mutane.

"Tsohuwar nan ta haukace!" wani ya ce.

Don Aurelio ya cafke hannunta cikin fushi. "Mamay, a gaban jama'a za ki tozarta ni?"

Ta buɗe tafinta. Babu manomin da bai san ƙwayar nan ba.

"Wa ya sha?" ta tambaya da ƙyar. "Ku faɗa mini, wa ya sha?"

Aka dubi juna. Sai dattijon ya ce, a hankali, "Isidro. Tun isowar jaki ya sha ƙoƙo biyu, ya koma gyaran bakin dutse."

Suka leƙa kwanar. Ga Isidro magini tsaye a kan siririn bakin hanyar ruwa, ya juya wa dutse baya, yana fuskantar sarari, yana miƙa hannu yana murmushi.

"Ga shanun babana can," yake cewa. "Sun shiga gonar mutane. Bari in koro su."

Wani ƙato ya yunƙura zai ruga, Teófila ta tare shi. Wanda zaƙami ya kama in aka firgita shi zabura yake yi. Ta kwance doguwar ɗamarar saƙa da ke ƙugunta, ta ba maza baki ɗaya su riƙe, ta shiga cikin ruwan hanyar, mai sanyin ƙanƙara, tana jan ƙafa. Ba ta yarda ta dubi ƙasa ba.

"Isidro, ɗana," ta ce, da muryar da ake lallashin jinjiri. "Ni ce, Teófila. Na ga shanun. Tsaya in ba ka igiya, ai ba a koro shanu hannu sake."

"Yi sauri, Mamay, za su cinye masarar."

"Ga ni nan. Kada ka motsa, kar su gudu."

Ta zagaya ɗamarar a ƙugunsa, yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa, ta ƙulla sau biyu. Tana gama ƙulli na biyu ya ɗaga ƙafa ya taka iska. Maza suka fizga. Su biyun suka faɗo cikin ruwan hanyar, duwatsun da ya taka suka gangara, aka daɗe ba a ji saukarsu ba.

A kan bargo aka sauko da Isidro. Kwanansa biyu a ɗaure a gadon asibiti yana faɗa da abin da ba wanda ke gani sai shi. Hermelinda ta yi uku. Duk sun tashi. Teófila kuwa ta koma gidan Don Aurelio da ƙafa guda babu takalmi, ta sa aka haƙa rami, aka juye randa takwas a ciki, aka binne dusar don kada aladu su ci. Aka yi bikin shekarar da ruwan ganye. Wasu suka yi gunaguni, wasu ma suka fara raɗa cewa wanda ya san inda abu yake shi ya ajiye shi. Mako guda tana jin wannan, tana tsoron fita kasuwa, har aka gano kurmin zaƙami a bayan katangar da Don Aurelio ya shanya tsironsa, 'ya'yan sun fashe sun zube a kan shanyar. Raɗa ta mutu. Amma babu wanda ya je ya ce mata ta yi haƙuri.

Doña Teófila, ke ce mai tsaron maƙogwaron gari. Ke ce kika tsaya a bayan gida cikin hayaƙi shekara arba'in da uku, ana kiɗa a dandali ba ki taɓa ganin farkon rawa ba. Kin ji tsoro a kan dutsen nan fiye da kowa, mun ga yadda jikinki ke ɓari, kuma ba ki koma da baya ba.

A watan jiya ta ajiye aiki. Yanar ido ta rufe mata gani, ta ce wadda ba ta gani ba ta da hurumin tata wa mutane. Ba wanda ya kore ta, ita ta kori kanta.

Mun gode, Mamay. Mun makara, amma mun gode. Ku kuma masu tata da masu dahuwa da duk mai aikin da ba a kallo, ku yi shi kamar yadda ta yi nata, ko ana muku dariya. Gidanta na nan bayan coci, mai ƙofar kara. Ku kai mata itace, ku ɗebo mata ruwa. In kun isa, ku faɗi sunanku da ƙarfi tun daga ƙofa, don yanzu ba ta gane fuska, amma sunayen mutum talatin da bakwai ɗin nan, ko ɗaya ba ta manta ba.