Inna Babba a Bakin Ƙofarmu

Inna Babba yayar mahaifiyarmu ce, kuma tun da na buɗe ido na san ta da warin kaji. Ko ta yi wanka ta fesa turare, sai ka ji shi a ƙarƙashin turaren. Ɗakin kajinta na bayan gida, rufin kwano, tagogi da ragar waya, ƙasa an shimfiɗe da buntu. A gefe akwai ƙaramin ɗakin 'yan tsaki da kaskon gawayi na ɗumama su.

Aikin ba ya ƙarewa. Ta wanke mazuban ruwa, ta zuba abinci, ta kwashe kashi, ta tsince ƙwai, kafin ta miƙe bayanta waɗanda ta fara ba ruwa sun ɓata shi. Biki ba ta zama, suna sai dai ta leƙa. Kullum cewa take wannan zubin ne na ƙarshe, ta gaji, gwiwoyinta sun ƙare. Ba a rufa wata sai mai babur ya sauke mata sababbin kwalayen 'yan tsaki suna kuka.

Doka ɗaya gare ta: baƙo ba ya shiga wurin kajinta, ita ma ba ta taka gidan da kaji ke ciwo. Ta ce cuta a tafin ƙafa da bakin zani take yawo. Mukan tsokane ta da Likita, ta ce mu yi ta yi.

Ita ta koya wa Mama kiwo bayan rasuwar Baba, don mu samu na sawa a baki. Har dokar ta koya mata. Mama ta riƙe abin da kyau, sai bana cuta ta faɗo mana. Kaji suka saki fukafukai, suka sunkuyar da kai. Da safe a bokiti muke kwasar gawarsu. Da na ga Mama ta daina cin abinci, na kira Inna Babba a waya, ko da yake na san tana da 'yan tsakin da ba su yi mako ba.

Ta zo da hantsi, tana jan ƙafa. Tana ɗaga labulen ƙofa Mama ta hango ta daga tsakar gida, inda take haƙa ramin binne matattun kajin.

"Yaya, tsaya nan! Kar ki shigo."

"Ke ƙyale ni, in na koma na yi wanka."

"Wankan me? Ke kika ce wanka ba ya fitar da ita. In naki suka tafi, wa zai riƙe mu duka?"

Inna Babba ta tsaya, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa. Ni kam haushi ya cika ni, so nake ta ture maganar ta shigo. Ta daɗe a haka, sannan ta janye ƙafar, ta zauna a kan bulo a waje, inda take iya hango mu. Na kai mata ruwa, ta girgiza kai. Matar da ban taɓa gani zaune hannu biyu a cinya ba, ga ta tana kallon ƙanwarta na fama da shebur.

Na juye bokitin ƙarshe a ramin. Mama ta watsa ƙasa sau biyu, sai shebur ɗin ya suɓuce mata, ta durƙushe a wurin tana kuka kamar yarinya. Inna Babba ta miƙe zumbur, ta riƙe ƙyauren da hannu biyu. Ta kira ni.

"Ke, me kike tsaye kina kallo? Je ki rungume min ita."